Rinjayen Zuciya a Kan Hujja Wajen Hukunta Ɗabi'a

Rinjayen zuciya a kan hujja hali ne da mutum kan yanke cewa wani aiki daidai ne ko kuskure tun kafin ya auna dalilai, daga baya kuma ya shiga neman hujjar da za ta kare abin da ransa ya riga ya karɓa. Bahaushe kan ce "raina bai kwanta ba" ko "jikina ya ba ni", kuma sau da yawa a nan gardama ke tsayawa.

Masanin falsafa David Hume ya rubuta a 1739 cewa hankali bawa ne ga abin da zuciya ke so. A 2001 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Jonathan Haidt, ya farfaɗo da wannan ra'ayi, inda ya kwatanta tunanin mutum da lauya mai kare wanda ya ɗauke shi, maimakon alƙali mai neman gaskiya. A bincikensa an ba mutane labarin iyalin da mota ta kashe karensu suka dafa shi suka ci ba tare da kowa ya gani ba. Da yawa sun ƙyamaci aikin nan take, alhali sun kasa nuna wanda aka cutar. A 2001 ɗin kuma wani masanin Amurka, Joshua Greene, ya nuna ta hoton ƙwaƙwalwa cewa sassan motsin rai sun fi aiki idan mutum ya yi tunanin tura wani da hannunsa ga halaka domin ceton mutum biyar.

Zamfara ta ga wannan a fili lokacin da gwamnati ta shiga sulhu da 'yan bindiga a 2019. A majalisar ƙofar gida a Gusau, wani zai lissafa gonakin da aka koma nomawa da kasuwannin da suka sake ci, amma wanda ya ɗauko gawar ɗan'uwansa daga gona ba ya jin lissafin, domin zuciyarsa ta riga ta ce zama da mai kisa zalunci ne. Kuskure ne a kira wannan jahilci. Ƙunar da ke ransa shaida ce ta haƙƙin da ba a biya ba.

Musulunci ya san matsayin zuciya, kamar yadda a hadisi Annabi (SAW) ya umarci sahabinsa Wabisa da neman fatawar zuciyarsa, sai dai malamai sun ɗaure wannan ga zuciyar da ilimi da tsoron Allah suka gyara, domin ƙyama kan yi kuskure, kamar yadda aka daɗe ana gudun kutare ko bayan sun warke. Haidt ya lura cewa mutum ya fi sauya matsayinsa ta hanyar mutanen da yake girmamawa fiye da nazarin da yake yi shi kaɗai.