Me ake nufi da gano ƙololuwa a cikin awo mai hayaniya?

A ce ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya rataye na'urar auna zafi a inuwar dogon yaro cikin watan Afrilu, tana ɗaukar awo kowane minti. Awo 1440 ke nan a kwana ɗaya. Kowa a Sakkwato ya san sau ɗaya zafi ke kai maƙura a yini, can tsakanin azahar da la'asar. Amma da zarar ya nemi kwamfuta ta nuna masa duk awon da ya fi na gabansa da na bayansa, sai ta jero masa ɗaruruwa.

Ƙololuwa ita ce inda awo ya hau ya kai ƙarshe, sannan ya fara sauka. Hayaniya kuwa ita ce 'yar rawar da lambobi ke yi ba don abin da ake aunawa ya canja ba: iska ta kaɗa, wutar batir ta yi ƙasa, ko ita na'urar ce da tata makyarkyatar. Idan hayaniya ce zalla, kusan ɗaya cikin kowane awo uku zai fi maƙwabtansa biyu. Gano ƙololuwa shi ne ware ta gaskiya daga waɗannan.

Dubi gonar gero a kan jigawa. Kowace kunya ta fi kwarin da ke gefenta tsayi, amma ba wanda zai kira ta tudu. A ganina nan ne asirin yake. Kada a tsaya ga tsawon ƙololuwa daga sifili, a duba nawa ta taso sama da kwarin da ya raba ta da wadda ta fi ta. Manhajar SciPy ta harshen kwamfuta na Python tana da umarnin neman ƙololuwa mai suna find_peaks tun 2018, kuma tana karɓar wannan sharaɗi, har da na faɗin ƙololuwa da na tazarar da ke tsakanin ƙololuwa biyu. Manhajar lissafi ta MATLAB ma tana da irinsa.

Tazara a asibiti take nuna amfaninta. A layin da na'urar auna bugun zuciya ke zanawa, wani ɗan tudu yakan biyo bayan kowane bugu, kwamfuta kuma tana iya ƙirga shi a matsayin bugu na biyu. Tsarin da masana Pan da Tompkins suka wallafa a 1985 ba ya karɓar sabon bugu sai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya wuce, kuma tudun da ya zo jim kaɗan bayan haka sai ya duba kaifin hawansa kafin ya ƙirga shi.

Akwai kuma goge awo kafin bincike, wato a lallashe rawar. Hanyar masana Savitzky da Golay ta 1964 ta fi ɗaukar matsakaicin awo da maƙwabtansa kiyaye siffar ƙololuwa. Amma a yi hattara, abin nan yana damuna ƙwarai. Guga in ta yi yawa takan danne siririyar ƙololuwa, wani salon ma har ya gusar da lokacinta. Mai lura da ruwan kogin Rima a ƙasan madatsar Goronyo, wanda bai manta ambaliyar 2010 ba, hawan nan na farat ɗaya shi yake nema.

Ɗalibin namu sai ya fara auna girman rawar a inda zafi ya tsaya cik, ya sa iyakar tasowar da zai yarda ƙololuwa ce ta ninka ta kamar sau uku. Sannan ya dasa ƙololuwar da ya san wurinta a cikin awon, ya ga ko manhajar za ta tsinto ta.