Jarumtakar Mata a Al'adar Hausawa

Jarumtakar mata a al'adar Hausawa ita ce irin ƙarfin hali da juriyar da al'umma ke yaba wa mace a kai, ko a tarihi, ko a labaran baka da na littafi, ko a zaman yau da kullum. Bahaushe yana auna jarumtakar namiji da abin da ido ke gani: fagen yaƙi, dambe, kokawa, farauta, da kirarin da jarumi ke yi wa kansa a bainar jama'a. Ta mace kuwa ma'auni biyu gare ta. Akwai 'yan ƙalilan da suka shiga fagen maza suka yi fice, aka kira su "mace mai kamar maza" ko "kallabi tsakanin rawuna". Akwai kuma mafi rinjaye, waɗanda ake auna ƙarfinsu da haƙuri, kunya, kawaici da dauriya, halayen da sharaɗinsu shi ne kada a nuna su. Ma'auni na biyu ya fi tasiri a rayuwar mata nesa ba kusa ba, amma na farko ne ya fi samun waƙa da suna.

Sarauniyoyi a tarihi da hikaya

Labarin asalin Hausa Bakwai ya fara ne da mulkin mata. Hikayar Bayajida ta ce sarauniyoyi ne suka riƙa mulkin Daura bi da bi har zuwa Daurama, wadda a zamaninta baƙon ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ke hana ɗibar ruwa sai ran Juma'a. Abin lura shi ne, a hikayar, sarauta tana hannun mace amma takobi yana hannun namiji, kuma daga auren nan mulki ya koma wa maza. Sarautun mata ba su ɓace ba duk da haka. Magajiya a Daura da Inna a Gobir sun ci gaba da riƙe matsayi a fada, ita Inna har da shugabancin 'yan bori da hukunci a kan al'amuran mata.

Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku, ita ce sunan da ya fi kowanne fitowa. Tsohon littafin Tarihin Kano ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu masana suna kai ta ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a rubutunsa na tarihi. Har yau ana kiran tsofaffin ganuwoyi da dama "ganuwar Amina", an kuma sa wa makarantar 'yan mata a Kaduna da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello sunanta. Sai dai labarin baka ya ɗora mata wani abu: wai ta ƙi aure, wai duk garin da ta ci sai ta zaɓi namiji ta kwana da shi, da safe a kashe shi. Wannan ɓangaren ya fi bayyana tunanin masu ba da labarin fiye da halin Amina. Kamar an kasa yarda cewa mace za ta iya jan runduna kuma ta zama mace kamar kowa, shi ya sa aka raba ta da aure da haihuwa, aka mai da ita abin tsoro.

A ƙasar Arewa, wato yankin Dogonduci a Nijar, akwai Sarauniyar Lugu, shugabar addinin gargajiya ta Azna, wadda aka fi sani da Sarauniya Mangu. A watan Afrilu na 1899 mutanenta suka tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ke ƙona garuruwa tana karkashe mutane a kan hanyarta ta zuwa tafkin Chadi. An gwabza, mutanen Lugu suka janye cikin kurmi, Turawan suka wuce suka afka wa Birnin Ƙonni. A bakin mutanen yankin, an fi tuna Sarauniya da ƙarfin asiri da tsare al'ada. Siffarta ta mayaƙiya mai kwari da baka ta yaɗu ne bayan littafin da Abdoulaye Mamani ya rubuta da Faransanci a 1980, da fim ɗin Med Hondo na 1986 wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Nan ma ƙagaggen labari ya miƙa wa mace makami kafin ya yarda ya kira ta jaruma.

Alƙalami da siyasa

Nana Asma'u (1793–1864), 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma matar Waziri Giɗaɗo, ta nuna wata hanya daban. Ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda masu muƙamin jaji, wato dattawan mata amintattu, ke jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta su koyi karatu su koma su koyar. Tana naɗa wa jaji malfa, irin wadda aka san Innar Gobir da ita, don matan da suka saba da tsohuwar alamar iko su gane sabuwa. Misalan da ta riƙa kawo wa mata su ne Nana Khadija da Nana A'isha da Nana Faɗima da salihan mata masu ilimi.

A ƙarni na 20, Hajiya Gambo Sawaba (1933–2001) ta Zariya ta shiga jam'iyyar NEPU tun tana budurwar shekaru, ta riƙa hawa mumbari a lokacin da matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a, ikon da bai samu ba sai a 1976. Ta sha duka, ta sha ɗauri, an fi ambaton sau 16. A zamaninta an jefe ta da kowane irin suna, domin macen da ke siyasa a fili a lokacin ana haɗa ta da karuwanci. Yau akwai babban asibiti a Zariya mai sunanta.

Mace a tatsuniya

Tatsuniya fagen mata ne, tsofaffi ke yin ta da dare, "ga ta nan, ga ta nan ku", kuma a nan ne yarinya ke fara jin irin macen da ake so ta zama. Jarumar tatsuniya ba ta ɗaukar takobi. Galibi marainiya ce ko 'yar bora wadda kishiyar uwa ta tura wata tafiya mai hatsari, kamar ta zuwa wanke ƙirgi a ruwan Bagaja. A hanya takan ga abubuwan al'ajabi, ta gaishe su da ladabi, ba ta dariya, ba ta tsegumi, ta yi abin da aka umarce ta, sai ta dawo da dukiya. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya da gatsali, ta dawo da masifa. Yarinyar nan ta ratsa daji ita kaɗai, abin da a wurin yaro za a kira jarumtaka, amma abin da tatsuniya ke ba ta lada a kai shi ne riƙe baki.

Ƙoƙi matar Gizo wata siffa ce: ita ce mai hankali, mai jure wa kwaɗayi da ƙaryar miji, mai gyara abin da ya ɓata. A gefe guda kuma akwai tarin labaran makircin mata, inda wayonsu ke zama abin mamaki da abin zargi lokaci guda. Karin magana ma haka take, ta ce "kissa ta fi magani", ta kuma ce "ƙarfin mata sai yawan magana".

A zaman yau da kullum

"Aure yaƙin mata," in ji masu magana. Nasihar da ake yi wa amarya ranar kai ta ɗaki ba ta wuce kalmomi kaɗan: yi na yi, bari na bari, ki yi haƙuri. Macen da ta zauna da kishiyoyi ba a ji kanta ba, ta riƙe 'ya'yan da ba ita ta haifa ba, ta rufa wa miji asiri ranar da babu, ita ake kira mace ta gari.

Babban fagen gwaji shi ne haihuwa. A gargajiyance abin kunya ne mace ta yi kuka ko raki a naƙuda, musamman ta fari, wadda akan koma gidan iyaye a yi, wato goyon ciki. Yarinya takan fara jin ciwo ta yi shiru, ta ci gaba da harkokinta, ta duƙa a ɗaki ta ciji leɓe, sau da yawa sai kukan jariri ne ke sanar da mutanen gida, sannan a kira ungozoma ta yanke cibi. Daga nan sai wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har kwana 40, da kunun kanwa. Ɗan farin ma uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ɗoki a kansa a gaban mutane. Masu zuwa barka suna cewa "sannu da arziki", domin kowa ya san an tsallake rijiya da baya. Musulunci ya ƙarfafa wannan girmamawa, tunda hadisi ya lissafa macen da ta rasu wajen haihuwa cikin shahidai.

Wannan dauriya ta gaske ce, kuma ta cancanci sunan jarumtaka. Amma tana da tsada. Shirun da ake yabo yana cikin abin da ke sa doguwar naƙuda ta kwana biyu ko uku a ɗaki kafin a nemi asibiti, kuma doguwar naƙuda ce babbar sanadin yoyon fitsari, cutar da aka buɗe mata cibiyoyi na musamman irin na Babbar Ruga a Katsina. Likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan ciwon zuciya na masu jego da zafin wanka da gasa jiki da yawan kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa. Yabon haƙuri bai kamata ya zama mayafin da ake rufe wannan da shi ba.

Akwai kuma jarumtakar neman na kai. Matan da ke cikin kulle sun daɗe suna tafiyar da kasuwa daga tsakar gida: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, fura, ƙosai, saƙa, kitso, ɗinkin hula, ga adashi da ake tara kuɗin kayan ɗakin 'ya'ya da shi. Bazawara ko gwauruwar da ta ciyar da marayu da kaskon suya akan ce ta yi namijin ƙoƙari. Mawaƙan amada, musamman Barmani Choge ta Funtuwa da ta rasu a 2013, su ne marokan wannan fage. Da ƙwarya a gabansu suke zuga mata su kama sana'a, suna yi wa mai zaman jiran miji habaici.

Littafi da fim

Littafin Hafsatu Abdulwahid, So Aljannar Duniya, da ya fito a 1980, shi ake ɗauka ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Daga tsakiyar shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya buɗe ƙofa, mata suka yi rinjaye a rubutu da karatu. An yi ta sukar littattafan da cewa soyayya ce zalla mai ɓata tarbiyya, alhali da yawansu auren dole, kishi, saki da hana karatu suke tattaunawa. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), miji ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda sabuwar amarya, ita kuwa ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Jaruma ce irin ta tsakar gida, wadda tatsuniya ta sani, sai dai a nan an ba ta baki, an kuma nuna wanda ya zalunce ta ƙarara.

Fina-finan Kannywood sun fi karkata ga tsohon zubi: macen kirki mai hawaye da addu'a, da muguwar kishiya ko uwar miji mai bin boka, gaskiya ta yi halinta a ƙarshe. 'Yan wasa mata kansu sukan fuskanci hukuncin jama'a fiye da takwarorinsu maza a kan abu iri ɗaya. Tun 2016 sashen Hausa na BBC yake shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata zalla, kuma labaran da ke fitowa sun faɗaɗa fagen zuwa gudun hijira, fyaɗe, shaye-shaye da garkuwa da mutane. Rikicin Boko Haram ya kuma fito da mata masu ɗaukar bindiga da gaske, irin A'isha Bakari Gombi ta jihar Adamawa, mafarauciyar da ta jagoranci maza zuwa daji farautar 'yan ta'adda, aka naɗa ta sarauniyar mafarauta.