Magungunan Raunin Mazakuta

Magungunan raunin mazakuta ƙwayoyi ne da likita ke rubuta wa namijin da gabansa ba ya miƙewa, ko yake kwanciya kafin ya biya buƙatar iyalinsa. A Jos, kamar sauran garuruwan Arewa, an fi kiransu maganin ƙarfin maza, sunan da ya sa mutane da yawa suka yi musu gurguwar fahimta. Ba sa tayar da sha'awa. Aikinsu shi ne sassauta jijiyoyin jini domin jini ya cika gaba, kuma idan babu sha'awar tun farko ba abin da za su tsinana.

Na farkonsu shi ne sildenafil, wanda kamfanin Pfizer ya haɗa a Ingila yana neman maganin ciwon ƙirji mai nasaba da zuciya. Amurka ta amince da shi a 1998 da sunan Viagra. Tadalafil, wato Cialis, da vardenafil, wato Levitra, sun samu amincewarta a 2003. Ana yin sildenafil a miligiram 25 da 50 da 100, a sha kamar awa ɗaya kafin kusantar iyali, sau ɗaya tak a yini. Abinci mai maiƙo yana jinkirta shi. Tadalafil kan kai awa 36 yana aiki.

Ƙananan illolinsu sun haɗa da ciwon kai, toshewar hanci, ƙwannafi, wani kuma ya ga komai ya koma shuɗi-shuɗi. Babban haɗarin yana kan mai shan maganin zuciya na rukunin naitiret, irin wanda ake sa wa ƙarƙashin harshe. Idan biyun suka haɗu, jini na iya faɗuwa warwas har a rasa rai. Akwai kuma miƙewar da ta wuce awa 4 ba ta sauka ba, wadda ke buƙatar asibiti nan take, don tana iya kashe gaban ɗungurungum. Masu amosanin jini, wato sikila, sun fi shiga wannan haɗari, ga shi kuwa cutar ta yawaita a Najeriya.

Abin da ya fi damun likitoci shi ne yadda ake sayensu a kemis ko a tashar mota ba tare da an duba mutum ba. Kunya kan sa magidanci ya ɗora laifi a kan basir ko sanyi, alhali sau da yawa raunin alama ce ta ciwon suga, hawan jini ko cushewar jijiyoyi, kuma yakan riga ciwon zuciya bayyana. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haɗe-haɗen da ake tallatawa da sunan gargajiya, waɗanda wasunsu ake zuba musu sildenafil a ɓoye, mai sha bai san yawan abin da ya haɗiya ba. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, likitocin mafitsara ne ke duba masu wannan larura, kuma akan fara da awon jini da na suga.