Me Zafi Yake Yi wa Ƙwayoyin Azurfa da Ke Cikin Roba?

Wane irin haɗi ne wannan?

Ka dubi kantun riɗi a kasuwar Dole ta Damagaram: riɗi a barbaje, sukari ya riƙe shi. To, robar da masana ke kira polima ita ce sukarin, riɗin kuwa ƙwayoyin azurfa ko zinariya ne da girmansu bai wuce nanomita 100 ba. Nanomita guda, ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki ɗaya.

In an gasa shi, me ke fara motsi?

Robar. Kowace polima da zafin da take sakin jiki: PVA, wata roba mai narkewa a ruwa, wajen digiri 85; PMMA, roba mai kama da gilashi, wajen 105. Kafin nan ƙwayoyin a ɗaure suke. Da an wuce, sai su shiga yawo, wannan ta taɓa waccan su haɗe, kamar ɗigon mai a kan romo. Akwai kuma cin zali: ƙananan suna zaizayewa, abin da suka zubar manya ke kwashewa. Bajamushe Wilhelm Ostwald ne ya bayyana wannan a 1896. Ƙwayoyin su ragu a lissafi, su ƙaru a jiki.

Ai azurfa ba ta narkewa sai digiri 962?

Maƙerin farfaru da ya faɗi haka yana da gaskiya, amma zancen zobe da munduwa yake. A ƴar mitsitsiyar ƙwaya, atam, wato ƴan ƙananan tubalan da suka haɗu suka yi azurfar, masu yawa a waje suke, riƙonsu sako-sako ne. Shi ya sa tawadar azurfa da ake buga hanyar lantarki da ita kan manne a digiri 150 zuwa 200. Nan ribar take, a ganina: ƙwayoyin suna haɗa gada, abin da dā wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa sai ta koma bi.

Ana ganewa da ido?

Sau da yawa. Ƙananan ƙwayoyin azurfa ruwan ɗorawa suke bayarwa, na zinariya ja. In na zinariya suka cure, jan yakan karkata zuwa shuɗi.

Ranar Damagaram za ta iya wannan aiki?

A'a. Ko a tsakiyar bazara, da zafi ke haura digiri 40, da sauran tafiya kafin 85. Murhun ɗakin gwaji ake sawa, ana ƙidaya mintoci, don in an zarce digiri 200 PVA kanta ta fara lalacewa, ta yi duhu.