Adawar Michigan da Ohio State a ƙwallon ƙafar jami'o'in Amurka

Adawar Michigan da Ohio State tsohuwar hamayya ce tsakanin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafar Amurka na jami'o'i biyu: Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor, da Jami'ar Jihar Ohio da ke birnin Columbus. Tazarar garuruwan biyu kusan kilomita 300 ce. Ƙungiyoyin suna cikin rukunin gasa guda da ake kira Big Ten, kuma sukan haɗu sau ɗaya a shekara, a ƙarshen watan Nuwamba, a wasan da ke rufe kakar kowannensu kafin wasannin kofi. Magoya bayansu ba sa tsayawa yi wa karawar dogon suna, sai dai su ce “Wasan”, kowa ya san wanda ake nufi. An san wannan adawa da ƙarfin wasa, amma an fi saninta da bakin magoya baya, wato zolaya da habaici da gugar zana da ake gada daga iyaye zuwa 'ya'ya.

Ƙwallon da ake magana a kai ita ce wadda ake runguma a hannu a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano. 'Yan wasan ɗalibai ne, amma filayensu sun fi na ƙwararru girma. Filin Michigan, wanda aka buɗe a 1927 ake masa laƙabi da “Babban Gida”, yana ɗaukar mutum 107,601. Na Ohio State an buɗe shi a 1922, siffarsa kamar takalmin doki, yana ɗaukar sama da mutum 100,000.

Tushen gabar

Jihohin biyu sun riga jami'o'insu faɗa. A 1835 zuwa 1836 Ohio da yankin Michigan, wanda a lokacin bai zama jiha ba, sun yi rikicin iyaka a kan wani zirin ƙasa da ya haɗa da garin Toledo. Kowane ɓangare ya tara mayaƙan sa-kai, sai dai ba a rasa rai ba. A ƙarshe aka bar wa Ohio garin Toledo, aka ba Michigan babban yankin arewa da ke tsallaken ruwa, ta zama jiha a 1837. Ana cewa a wannan zamanin ne mutanen Ohio suka soma kiran na Michigan da sunan wata dabbar daji mai haɗama da zafin rai, danginsu ɗaya da dage, wadda ake kira wolverine. Ko daga nan sunan ya fito ko ba daga nan ba, Michigan ta karɓe shi ta mai da shi kirari, shi ne sunan ƙungiyarta har yau.

An fara karawa a 1897 a Ann Arbor, Michigan ta ci 34 da nema. Ta ci gaba da danne abokiyar hamayyarta har shekara 22: a wasanni 15 na farko ta ci 13, aka yi kunnen doki a 2. Sai a 1919 Ohio State ta samu nasararta ta farko. Ranar da aka yi bikin ƙaddamar da sabon filin Ohio State a 1922 ma, Michigan ce ta zo ta ɓata musu buki da ci 19 da nema. Wannan tarin nasarori na farko shi ke ba 'yan Michigan bakin cewa su ke gaba a lissafin tarihi. 'Yan Ohio kuma su mayar da cewa ai nasarorin zamanin kakannin kakanni ne, babu mai rai da ya gan su.

Ƙin faɗin suna

Mafi shahara cikin salon tsokanar shi ne ƙin ambaton sunan abokin hamayya. Wanda ya kafa wannan ɗabi'a shi ne Woody Hayes, kocin Ohio State daga 1951 zuwa 1978. Ba ya son kalmar Michigan ta fito daga bakinsa, sai ya ce “waccan ƙungiyar ta arewa”. Magoya baya suka ɗauka, har suka taƙaita ta zuwa haruffa huɗu na Turanci da suke rubutawa a riguna da alluna. Akwai labarin da aka daɗe ana bayarwa cewa wata rana Hayes yana dawowa daga Michigan mai ya kusa ƙare masa, mataimakinsa ya ce su tsaya su sha, shi kuwa ya ce gara su tura motar har iyakar Ohio da ya bar wa jihar Michigan ko sisinsa. Almara ce da aka gina a kan halinsa, kuma 'yan Ohio suna ba da ita da alfahari.

Daga ƙin suna aka kai ga ƙin harafi. A makon wasan, ɗalibai a Columbus sukan bi harabar jami'a da jan tef, duk inda suka ga harafin M, a allon gini ne ko alamar titi, su liƙa masa alamar giciye su soke shi. Baƙon da ya shigo a wannan mako zai ga sunayen tsangayoyi duk sun yi giɓi, kamar bakin yaron da ke famfarar haƙori. A saƙonninsu ma sukan rubuta sunan jihar ba tare da harafin farko ba. Abin ya kai har gidan gwamnati: a 2013 gwamnan Ohio John Kasich ya fitar da sanarwar raha yana kira ga jama'a su guji harafin M ranar wasan.

Michigan ta nemo nata maganin. Jami'ar Jihar Ohio tana matuƙar ji da cikakken sunanta, wanda ke farawa da ƙaramar kalmar Turanci “The”, har tsofaffin 'yan wasanta sukan ja kalmar da ƙarfi idan suna gabatar da kansu a talabijin. A 2022 ma jami'ar ta samu rajistar mallakar kalmar domin bugawa a tufafi, abin da ya ba abokan hamayya dariya ba kaɗan ba. Brady Hoke, kocin Michigan daga 2011 zuwa 2014, sai ya riƙa yanke sunan, yana kiranta “Ohio” zalla. Ciwon abin shi ne akwai wata jami'a daban, ƙarama a fagen ƙwallo, da ke ɗauke da wannan suna.

Kowace ba'a da tarihinta

Abin da ya bambanta wannan tsokana da zagin gari shi ne kusan kowace magana tana rataye da wata shekara da wani ci. Wanda bai san tarihin ba ba zai gane inda ta sosa ba.

A 1934 aka tambayi sabon kocin Ohio State, Francis Schmidt, yadda zai yi da Michigan. Ya ce ai su ma ƙafa ɗaya-ɗaya suke zura wando, kamar kowa. Ƙungiyarsa ta ci 34 da nema a shekarar, ta kuma jera shekara huɗu Michigan ba ta samu ko maki ɗaya ba. Tun daga nan, duk ɗan wasan Ohio State da ya doke Michigan ana ba shi ɗan ƙaramin wando na zinariya, mai ɗauke da haruffan sunansa da sakamakon wasan. Da yawa sukan ba iyayensu mata su rataya a sarƙar wuya.

A 1968 Ohio State ta lallasa Michigan 50 da 14. A wannan wasa, idan ƙungiya ta kai ƙwallo ƙarshen fili ta samu maki 6, ana ba ta zaɓi: ta buga ta nemi ƙarin maki 1, ko ta yi kasada ta nemi 2. Ana dab da tashi, an riga an yi nisa, amma Ohio State ta nemi 2. Ana danganta wa Hayes cewa da aka tambaye shi dalili, sai ya ce don babu damar neman 3 ne. Bayan wannan wasa Michigan ta ɗauko Bo Schembechler, tsohon mataimakin Hayes, a matsayin koci, ya sa aka manna lamba 50 a rigunan atisaye don kada kowa ya manta. A Nuwamban 1969 suka doke Ohio State 24 da 12, suka katse mata jerin nasarori 22. Daga nan malami da ɗalibinsa suka shiga abin da ake kira Yaƙin Shekara Goma, zuwa 1978, inda Michigan ta ci 5, Ohio State ta ci 4, aka yi canjaras sau ɗaya. Canjaras ɗin na 1973, 10 da 10, har yau yana ci wa 'yan Michigan rai, domin daraktocin wasanni na rukunin sun kaɗa ƙuri'a suka tura Ohio State zuwa babban wasan Rose Bowl.

'Yan Michigan na da sunan da suke jefawa idan gardama ta yi zafi: John Cooper, kocin Ohio State daga 1988 zuwa 2000, wanda ya ci wasanni da yawa a wajen kowa amma sau 2 kacal ya doke Michigan cikin karo 13. Sukan kuma tuna wa maƙwabtansu cewa tsarin nan da ƙungiyar baduja ta Ohio State ke taƙama da shi, inda makaɗa ke jeruwa a fili su rubuta sunan Ohio, makaɗan Michigan ne suka fara yin irinsa a 1932. Sunan ƙungiyar Ohio State ma, wato Buckeyes, bai tsira ba. Buckeye ɗan itace ne mai kama da idon barewa, kuma guba ne, don haka ake musu ba'a da cewa sun sa wa kansu sunan ɗan itacen da ba ya ciwuwa. 'Yan Ohio su kuma sukan ce mutanen Ann Arbor girman kai ne da su, kullum suna tinƙaho da darajar digirinsu, alhali rabin masu sa rigar Michigan ba su taɓa taka ƙofar jami'ar ba. Daga 2001 zuwa 2019 bakinsu ne ya fi tsawo, domin Michigan sau 2 kawai ta yi nasara, kocin Ohio State Urban Meyer kuwa ya kara da ita sau 7 bai faɗi ko ɗaya ba.

Jini ɗaya

Wanda ya saba da wasan barkwanci irin na Kanawa da Zazzagawa zai ga kama, duk da cewa a nan babu wata yarjejeniyar gargajiya da ta hana fushi. Kusancin dai gaskiya ne. Manyan gwarazan Michigan da dama haifaffun Ohio ne: Schembechler kansa, da Desmond Howard da Charles Woodson waɗanda suka lashe kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, a 1991 da 1997, da Jim Harbaugh, kocin Michigan daga 2015 zuwa 2023, wanda aka haifa a Toledo, garin da aka yi rikici a kansa. A Toledo ɗin ba abin mamaki ba ne gida ɗaya a samu miji da riga ja da toka-toka ta Ohio State, mata da shuɗi da ruwan masara na Michigan. Tun 1982 ɗaliban jami'o'in biyu suke gasar ba da gudummawar jini kafin wasan, kuma wannan ne mafi kyawun abin da adawar ta haifa. Da Schembechler ya rasu ranar 17 ga Nuwamba 2006, jajibirin wasan da Ohio State ta ci 42 da 39, an karrama shi a filin Columbus kafin a take ƙwallo.

Inda ta wuce gona da iri

Ba kullum abin ke tsayawa a raha ba. Ɗaliban Ohio State sun daɗe da al'adar tsunduma cikin wani ɗan tafki na harabar jami'a da dare, cikin sanyin Nuwamba, a makon wasan. A 2015 wani ɗalibi ya rasa ransa a wannan tsalle, aka kawo ƙarshen al'adar. Babu kofin da ya kai ran ɗan mutum.

Michigan ta farfaɗo a 2021 da ci 42 da 27, ta sake ci a 2022 da 2023, ta kuma ɗauki kofin ƙasa na kakar 2023. A wannan kakar ne aka zarge ta da aika mutane su naɗi alamomin hannu da abokan karawa ke amfani da su wajen ba 'yan wasansu umarni, Big Ten ta dakatar da Harbaugh na wasa uku. 'Yan Ohio suka samu sabon zambo, suka riƙa kiran nasarorin na sata. A 2024 Michigan ta je Columbus da ƙungiya mai rauni, kowa na jiran a casa ta, sai ta ci 13 da 10. Bayan tashi 'yan wasanta suka yi yunƙurin kafa tutarsu a tsakiyar filin masu gida, dambe ya kaure, 'yan sanda suka fesa barkono don raba su. Big Ten ta ci kowace jami'a tarar dala 100,000, wani ɗan majalisar dokokin Ohio kuma ya gabatar da ƙudurin da zai mai da kafa tuta a wannan fili babban laifi. Makonni bayan haka, a Janairun 2025, Ohio State ta doke Jami'ar Notre Dame ta ɗauki kofin ƙasa. Ana tsaka da murna a Columbus, 'yan Michigan suka riƙa aiko musu da lambobi biyu kawai: 13 da 10.