Ilimin Kula da Masu Cutar Mantuwa ga Ma'aikatan Lafiya a Kaduna

Ilimin kula da masu cutar mantuwa fanni ne na horaswa da bincike da ya shafi likitoci, ma'aikatan jinya, jami'an lafiya na matakin farko da jami'an jin daɗin jama'a. Manufarsa ma'aikaci ya iya gane cutar, ya riƙe mai ita da mutunci, ya kuma rage wa masu jinya nauyi. A asibiti ana ce mata dimenshiya. A gidajen Kaduna da Zariya kuwa sai ka ji an ce "gigin tsufa ne", ko "Baba ya ruɗe", ko "Inna ta koma yarinya". Duk waɗannan kalmomi sun jingina abin ga shekaru, kuma daga nan darasin farko yake tasowa: tsufa daban, ciwo daban. Akwai 'yan shekara 90 da ke lissafa maka jikokinsu da sunayen iyayensu ba tuntuɓe.

Cutar

Dimenshiya ba cuta ɗaya ba ce. Suna ne da ya tattara cututtukan da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har tunani, magana, lissafi da sanin hanya su raunana, mutum ya kasa tafiyar da harkarsa ta yau da kullum. Mafi yawa a cikinsu ita ce cutar Alzaima, wadda ta ci sunan likitan Jamus Alois Alzheimer, da ya fara bayyana ta a 1906. Ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu fama. Sai wadda toshewa ko fashewar jijiyoyin jini ke jawowa, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki. Akwai nau'in Lewy, mai zuwa da gane-gane da sandarewar jiki, da wani mai taɓa goshin ƙwaƙwalwa, wanda kan fara da canjin hali: dattijo mai kamun kai ya koma ashar a gaban surukai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da cutar, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma kusan miliyan 10 ke ƙaruwa duk shekara. Kimanin kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar mata ne ke yin su.

Abin da ake koya wa ma'aikaci

Farko shi ne rarrabewa. Ba kowane ruɗewa ne mantuwa ba. Idan tsohon da jiya ya je masallaci da ƙafarsa ya wayi gari yau yana sambatu, bai san inda yake ba, wannan ɗimuwar farat ɗaya ce, kuma tana da dalili a jiki: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, faɗuwar suga, ƙarancin ruwa a zafin bazara, ko wani maganin da aka sayo a kemis. Gaggawa take buƙata, kuma sau da yawa tana warkewa. Ciwon damuwa ma kan yi kama da mantuwa, musamman ga wanda ya rasa abokin zama. Haka matsalar maƙoƙo, ƙarancin bitamin B12, ƙanjamau, da jinin da ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa a banɗaki ko daga kan acaɓa. Ma'aikacin da ya ce "tsufa ne" ya sallami irin waɗannan, ya mayar da mai ciwon da ke da magani gida hannu rabbana. Ita mantuwar gaske tafiyar hawainiya take yi, watanni da shekaru.

Na biyu, sanin wanda za a tambaya. Yawanci ɗa namiji ne ke kawo tsohon asibiti, shi ke yankar kati, shi ke amsa tambaya. Amma ba shi ke kwana da shi ba. Wadda ta san Baba ya fara ajiye takalmi a tukunya, ko yana sakin fitsari a kwance, ita ce 'ya, ko jika, ko suruka. Surukar kuwa kunya ba za ta bar ta ta faɗi wannan a gaban Baba da mijinta ba. Ma'aikaciyar jinya da ta san aikinta takan ja ta gefe, ta ce, "Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Faɗa mini yadda dare ke kasancewa." A nan ne tarihin ciwon ke fitowa.

Na uku shi ne gwajin tunani, kuma a nan ake yawan kuskure. Gwajin MMSE, da aka wallafa a Amurka a 1975, yana da maki 30. Yana tambayar kwanan wata, yana sa mutum ya riƙa cire 7 daga 100, ya rubuta jimla, ya kwafi zane da biro. Ka ɗauki tsohuwar da ta yi shekara 40 tana sayar da ƙuli-ƙuli a Tudun Wada, ba a taɓa cutarta a canji ba, amma ba ta taɓa riƙe biro ba. Ta san watan Sha'aban ake ciki, ta san saura kwana nawa azumi, ta san an shiga hunturu, amma ba ruwanta da kalandar bature. Za ta faɗi gwajin, ƙwaƙwalwarta kuma garau. Wannan zalunci ne, ko da ba da gangan ba.

Shi ya sa masu bincike suka ƙirƙiro gwaje-gwajen da ba su dogara da boko ba. Gwajin CSI-D, da aka yi aiki da shi a Ibadan, yana haɗa amsar tsoho da shaidar wanda ke zaune da shi. Gwajin IDEA, da aka gwada a Tanzaniya da Najeriya, tambayoyi shida ne kacal: ana karanta wa mutum kalmomi 10 a nemi ya tuno su daga baya, a tambaye shi mece ce gada, wane ne mai garinsu, yau wace rana ce a mako, ya kuma lissafa dabbobi iya ƙoƙarinsa cikin minti ɗaya. A ƙarshe mai gwaji ya jera tsinken ashana huɗu a kan tebur cikin wata siffa, ya watsa su, ya ce, "Baba, mayar mini da su yadda suke." Mai lafiya kan yi murmushi ya jera. Wanda ciwon ya fara ci kan juya tsinken a yatsunsa, ya dubi kawunan ashanar, ya ajiye ɗaya ya ɗauke, ya ɗago kai yana neman fuskar ɗiyarsa.

Na huɗu, mu'amala. A wajajen 1990, masanin halayyar ɗan Adam Tom Kitwood na Jami'ar Bradford a Ingila ya yaɗa tsarin da ke sa mutum gaba da ciwonsa: a san tarihinsa, sana'arsa, abin da ke kwantar masa da hankali. Bahaushe bai buƙaci a fassara masa girmama tsoho ba, amma yana buƙatar a nuna masa yadda ake yi idan tsohon ya daina gane 'ya'yansa. Misali, yawancin masu cutar sukan rikice daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Tsohuwa ta ƙulle kayanta a zane ta nufi zaure, ta ce za ta tafi gida, innarta na jira, alhali innar ta rasu tun kafin a haifi masu jinyar. Idan aka ce mata "Ai ta mutu", sabuwar rasuwa aka yi mata, kuma gobe sai an sake. Idan aka tare ƙofa, faɗa ne. Abin da ake koyarwa shi ne a zauna kusa da ita, a yi ƙasa da murya: "To Hajiya, bari a yi sallah tukuna. Wai me Inna ta fi iya dafawa?" Kewa ce ke damunta da tsoron duhu, su ake amsawa. A kunna fitila da wuri, a rage hayaniyar yara. Da yake abin a bakin magariba yake faruwa, mutane kan ce iska ne. Ma'aikaci ba zai hana iyali addu'a ko tofi ba, ko kiran fasto, amma wajibinsa ne ya hana ɗauri, duka, kullewa a ɗaki da jefar da maganin hawan jini.

Yana da kyau ma'aikaci ya san abin da malamai suka faɗa, cewa an ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe. Iyalai da yawa na shan wahala kan tsohon da ke rikita raka'a ko ya sha ruwa da rana a azumi. Jin wannan hukunci kaɗai kan sauke musu dutse daga ƙirji. Sai batun ɓata: mai mantuwa kan fita ya kasa komowa, a gari mai manyan tituna da kogi a tsakiyarsa. An sha jin yadda a sassan Najeriya ake taruwa a kan tsohuwar da aka tsinta tana surutai a kira ta mayya. Ana ba iyali shawara su ɗinka lambar waya a rigarta, su kuma sanar da mai unguwa da maƙwabta, maimakon ɓoyewa da sunan rufin asiri.

Magani kuwa bayaninsa gajere ne. Har yau babu mai warkarwa. Donepezil, rivastigmine, galantamine da memantine kan sassauta alamomi na wani lokaci. Lecanemab, da aka amince da shi a Amurka a 2023, yana da tsada kuma sai da hoton ƙwaƙwalwa a kai a kai. Abin da ya fi shafar ma'aikacin Kaduna shi ne sanin abin da ba a bayarwa da garaje: maganin barci irin diazepam na ƙara ruɗewa da faɗuwa, haloperidol da danginsa na iya yi wa mai nau'in Lewy mummunar illa.

Inda ake horaswa

Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana horar da likitocin ƙwaƙwalwa, yana kuma da makarantar ƙwarewa ga ma'aikatan jinya. Ɗaliban likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello na koyon aiki a asibitin koyarwa na Shika, na Jami'ar Jihar Kaduna kuma a Barau Dikko. Jami'an lafiya na matakin farko da yawa daga kwalejin Shehu Idris ta Maƙarfi suke fitowa, akwai kuma kwalejin jinya da ungozoma ta jiha a Kafanchan. A irin waɗannan manhajoji, mantuwa kan zo ne a matsayin babi cikin darasin taɓin hankali ko cututtukan jijiya. Ƙwarewa a kan tsofaffi zalla sabon abu ne a ƙasar: cibiyar farko, mai sunan Cif Tony Anenih, an buɗe ta ne a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012.

Jihar Kaduna na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255. Tsoho daga Birnin Gwari ko Kauru ba Barnawa zai fara zuwa ba, asibitin sha-ka-tafi na kusa da gida za a kai shi, galibi don ciwon gwiwa ko awon jini. Don haka horon da ya tsaya a kan ƙwararru bai kai inda ciwon yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa mai suna mhGAP a 2008 da littafin jagoransa a 2010 domin ma'aikatan da ba ƙwararru ba, kuma yana da babi a kan mantuwa. Ta kuma samar da iSupport, darussa ga masu jinya a gida. A ganina nan ya kamata ƙarfi ya karkata, kuma da Hausar da suruka za ta fahimta.

Ta fuskar doka, Najeriya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, sannan a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958.

Bincike

Binciken da ya buɗe hanya a Najeriya shi ne na haɗin gwiwar Ibadan da birnin Indiyanapolis na Amurka, da aka soma a 1992 ƙarƙashin Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie, daga baya Adesola Ogunniyi ya ci gaba da ɓangaren Ibadan. An kwatanta Yarabawa 'yan shekara 65 zuwa sama da baƙaƙen fatar Amurka. Sakamakon 1995 ya nuna masu cutar kashi 2.29 cikin 100 ne a Ibadan, kashi 8.24 a Indiyanapolis. Tazarar ta jawo hankali ga rawar abinci, muhalli da lafiyar jijiyoyin jini, ba gado kaɗai ba. A Arewa, binciken da aka yi a Zariya aka buga a 2011 ya duba tsofaffi 322 a cikin gari, ya sami kusan kashi 3 cikin 100. Kada ƙanƙantar adadin ta sa a saki jiki. Mai mantuwa a nan ba ya daɗewa kamar na ƙasashen da ke da gidajen jinya, kuma yawan masu kai wa shekara 70 ƙaruwa yake yi.

Zariya da Kano na cikin cibiyoyin binciken SIREN kan shanyewar ɓarin jiki a Najeriya da Gana, wanda ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi nesa ba kusa ba. Wannan ya haɗu da rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2024, da ya lissafa abubuwa 14 waɗanda magance su zai iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, taba, rashin karatu a ƙuruciya, bugun kai, kaɗaici, gurɓatar iska, raunin ji da raunin gani. Biyun ƙarshe sun shafi Kaduna kai tsaye, domin Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da Cibiyar Ido ta Ƙasa duk a garin suke. Tsohon da aka cire wa yanar ido ko aka sa wa na'urar ji yakan koma majalisa da hira, wani ma da ake zaton ya ruɗe ashe ji ne ba ya yi.

Mai bincike a wannan fanni na da ƙa'idar da ba a tsallakewa. Idan tsoho ba zai iya fahimtar abin da ake nema ba, waliyyinsa ne ke ba da izini, amma duk da haka sai an yi wa shi kansa bayani daidai fahimtarsa. Idan za a ɗebi jini don nazarin ƙwayoyin gado, a faɗa wa iyali inda za a kai shi da abin da za a yi da shi, domin mutane na da tsoro a kan jini kuma tsoron ba na banza ba ne. In tsohon ya janye hannunsa, ko da ɗansa ya sa hannu a takarda, ana dakatawa.