Ma'anar "cleamhnas": auren haɗi irin na ƙauyukan Ayilan

Kalmar cleamhnas ta harshen ƙasar Ayilan (Ireland) ce, ana furta ta kusan "kilaunas". Tana nufin auren da iyaye suka ƙulla ta hannun mai dalilin aure, da kuma surukutar da ta biyo baya. Sai dai wanda ya ji "haɗi" ya zaci zancen soyayya ne, ya yi kuskure. Zancen gona ne.

Bayan babbar yunwar 1845 zuwa 1852, manoman Ayilan suka daina yanyanka gona tsakanin 'ya'ya. Ɗa ɗaya ke gadonta, sauran su yi ƙaura zuwa Amurka ko Ingila, ko su tsufa a gida ba aure. Shi kansa magajin sai ya jira tsoho ya sakar masa gonar, shi ya sa da yawa sai sun yi furfura suke angwancewa.

A nan mai dalili ke shigowa. Yakan haɗa iyayen a kasuwar shanu ko a mashaya, a yi ciniki kamar na saniya. Abin cinikin shi ne spré, dukiyar da amarya ke shigowa da ita. Mu a wurinmu namiji ke biyan sadaki. Can, a wancan zamanin, uban yarinya ne ke ƙirga kuɗi ko ya kora shanu. Kuma ba ya biya a makance. Sai ya je ya taka gonar da ƙafarsa, ya ƙidaya dabbobi, ya leƙa rumbu, ya duba ko akwai ruwa. Ana ba da labarin masu aron shanun maƙwabta don wannan ranar kawai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kuɗin ba sa zama hannun ango. Sau da yawa da su ake aurar da ƙanwarsa, su wuce wani gida, can ma su aurar da wata. In an daidaita, gidan amarya su gasa dinya, wani lokaci a nan ne ma'auratan ke fara zama su kalli juna da kyau.

A da, lokacin biki daga 6 ga Janairu ne zuwa Talatar jajibirin azumin Kirista na kwana 40, domin coci ba ta son ɗaurin aure a cikinsa. Wanda azumi ya riske shi ba aure kuwa, a wasu yankunan yara kan shafa masa alli a bayan riga ranar Lahadin farko ta azumin, tamkar kamun gwauro na tashe a Kano.

Yau saura ɗan abin da ya rage a garin Lisdoonvarna na gundumar Clare, inda kowane Satumba ake bikin neman aure. Can Willie Daly, wanda ya gaji sana'ar daga uba da kaka, ya yi suna da tsohon kundinsa na masu nema. Cewa ake duk wanda ya dafa shi da hannu biyu zai yi aure cikin wata 6.